Sadakar da ba ta da ƙugiya: Ikilisiyar Katolika a kwarin Komadugu

Ranar 16 ga Janairun 2015 aka cinna wa majami'u wuta a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, saboda fushin zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga. Mutum 10 suka rasa rayukansu. Bayan mako uku, ranar 6 ga Fabrairu, mayaƙan Boko Haram suka ƙetaro Komadugu suka faɗa wa Bosso da Diffa. Ikilisiyar Katolika ta Nijar ta wayi gari da toka a ƙofar gidanta, ga kuma dubban Musulmi a gabas sun baro garuruwansu ba ko tsinke. Ta kai musu agaji, kuma dalilinta ya girmi rikicin nesa ba kusa ba.

A 1931 Fada François Faroud ya buɗe mishan a Yamai. A 1961 aka naɗa Hippolyte Berlier bishop na farko na ƙasar, kuma a zamaninsa ne babban taron Vatikan na biyu ya fitar da takardar Nostra Aetate, a 1965, wadda ta umurci Katolika su dubi Musulmi da idon girmamawa. A ƙasar da mabiyanta ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, Ikilisiya ta fahimci cewa aikinta ya fi karkata ga makaranta da asibiti da rijiya. Diffa, mai nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, ta koma ƙarƙashin bishop na Maradi a 2001, lokacin da aka naɗa Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Kiristocin garin kaɗan ne, galibinsu kuma baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo.

Tambayar da talaka ke yi, ko bai furta ba, ita ce: mene ne a ƙarƙashin buhun? Malaman ɗabi'a na Katolika sun daɗe suna kokawa da ita, domin tarihin mishan a Afirka bai rasa misalan kyautar da aka ɗaura wa ƙugiya ba. A 2005 Paparoma Benedict na 16 ya yanke magana a wasiƙarsa Deus caritas est: ba a yin sadaka don a janyo mai yunwa ya sake addini. A wannan shekarar ta yunwa ce aka kafa CADEV, reshen Caritas na Nijar, wanda bayan shekara goma ya shiga sahun masu raba abinci da kayan masarufi ga Barebari da Fulani da Buduma da suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya mai lamba 1. Kafin 2016 ta ƙare, waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a jihar sun haura 200,000.

Sai dai wasiƙar ta faɗi wata magana ta biyu, wadda ba a cika ambato ba: sadaka ba ta maye gurbin adalci, kuma tsayar da adalci aikin hukuma ne. A nan ne Diffa ta nuna iyakar buhu. Dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta hana hawan babur, aka kuma tsayar da cinikin tattasai da na kifi, bisa hujjar cewa mayaƙa na karɓar haraji a kansu. A watan Mayu, bayan harin Karamga, aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, da yawansu a ƙafa. Manomin da a da yake loda busasshen tattasai zuwa kasuwannin Nijeriya ya koma riƙe katin rabo. Koyarwar da ta taso tun daga Rerum Novarum ta 1891 tana ɗaukar cin gumin kai a matsayin mutuncin ɗan Adam, amma ƙungiyar agaji ba ta da ikon buɗe gona ko kasuwa. Iyakarta ta auna gero ta miƙa.

Sai a Oktoban 2017 hukuma ta sake halatta cinikin tattasai. Masunta kuwa sun jira har Maris na 2019.