Yadda Zanen Manhaja Ya Daina Zama Allo

Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗaliban kwamfuta na shekarar ƙarshe a Kafin Hausa ko Dutse ya san babi na uku. A nan ake zana manhaja kafin a gina ta: akwatuna, kibiyoyi, da ɗan mutum-mutumi mai miƙaƙƙun hannuwa. Sunan salon UML. Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson ne suka tsara shi a kamfanin Rational, ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997.

An kafa jami'ar tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha a Kafin Hausa kuma a 2013. A shekarun nan, zanen yawancinmu a filas yake kwana. Ka buɗe ka ga "na ƙarshe", da "na ƙarshe gyararre", da "na ƙarshe wallahi". Zanenmu tamkar allo ne: in an wanke an sake rubutu, na jiya ya tafi ke nan.

Masu rubuta lambobin manhaja kuwa sun daɗe da samun magani: kayan aikin da ke adana tarihin gyara. Marc Rochkind ya ƙirƙiro SCCS a Bell Labs a 1972, RCS ta zo a 1982, sai CVS, sai Subversion a 2000. A 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git. Kowane gyara da sunan mai shi, da ranarsa, da dalilinsa.

To me ya hana zane shiga? Waɗannan kayan aiki layi-layi suke kwatanta rubutu. Fayil ɗin zane kuwa, ko da an adana shi a tsarin XMI, cike yake da lambobin shaida da na matsayi. Ka ɗan matsar da akwati guda, Git ya nuna maka tarin layuka sun sauya, alhali ma'ana tana nan. Mutum biyu su taɓa zane ɗaya, haɗewar ta zama ɗan karen aiki. Shi ya sa muka koma layi irin na bakin rijiya: wanda ya riƙe guga sai ya gama. Akwai EMF Compare ta Eclipse da ke kwatanta sassan zanen da alaƙarsu maimakon layuka, amma sai mai haƙurin saita ta.

Sauƙin ya biyo ta wata hanyar. A 2009 Arnaud Roques ya fito da PlantUML: ka rubuta zanen da kalmomi, kwamfuta ta zana maka. Mermaid ta biyo baya, a 2022 kuma shafin GitHub ya fara nuna zanenta kai tsaye. Da zane ya koma rubutu, sai Git ya iya karanta shi.

Yanzu in ɗalibi ya ce, "Malam, na gyara," ba na tambayar filas. Tarihin fayil ɗin nake buɗewa, in ga ranar da ya cire kibiyar, da dalilin da ya rubuta.