Bambancin Mace-mace Tsakanin Gundumomin Jihar Kentucky ta Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda yawan mace-mace ya bambanta tsakanin gundumomi 120 na jihar Kentucky. Ta nuna cewa alƙaluman jiha ɗungurungum suna lulluɓe ɓarnar da ke gabashinta, kuma awon gunduma ɗaya-ɗaya ma yana da nasa tarko.

Yadda ake awo

Kafin a gwada gunduma da gunduma sai an daidaita shekaru, domin inda tsofaffi suka fi yawa dole jana'iza ta yawaita ko da kiwon lafiya na tafiya daidai. Hukumomin Amurka suna ɗora kowace gunduma a kan tsarin shekarun al'ummar ƙasar na 2000, sannan su fitar da adadi cikin kowane mutum 100,000. Ana lissafa mamaci a gundumar da yake zaune, ba inda rai ya yi halinsa ba. In ba don haka ba, da gundumar Fayette, inda asibitin Jami'ar Kentucky yake a Lexington, ta ɗauki nauyin marasa lafiyar da ake kwasowa daga yankin duwatsu na gabashin jihar.

Babban tarkon shi ne ƙarancin jama'a. Owsley tana da mutum kusan 4,000, Jefferson kuwa, inda birnin Louisville yake, ta haura 700,000. Haɗarin mota ɗaya a Owsley zai iya ɗaga alƙalumanta na shekara guda. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take ɓoye adadin da bai kai 10 ba, take kuma gargaɗi a kan wanda bai kai 20 ba. Mai bincike sai ya haɗa shekaru da dama wuri guda.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da Dwyer-Lindgren da abokan aikinta na cibiyar IHME a Jami'ar Washington suka wallafa a 2017 ya bi gundumomin Amurka daga 1980 zuwa 2014. A mafi yawansu matsakaicin tsawon rai ya ƙaru. Cikin gundumomi goma da ya fi raguwa, takwas a Kentucky suke, Owsley ce kan gaba: daga shekara 72.4 ta sauko zuwa 70.2, alhali na ƙasa baki ɗaya ya kai 79.1.

Binciken ya ɗora kashi 74 cikin ɗari na bambancin tsawon rai tsakanin gundumomi a kan abubuwa irin su shan taba, ƙiba, hawan jini da ciwon suga, kiwon lafiya kuwa, da aka auna shi daban, kashi 27 kawai. A ganinmu, kuskure ne a karanta wannan a matsayin laifin mutanen kansu. Talauci ne yake bi ta waɗannan ƙofofi ya shiga jiki, kuma matasa masu ƙarfi da ilimi su suke fara barin gari idan aka rufe mahaƙar kwal, a bar masu jinya a baya.

Akwai kuma cutar da ta addabi yankin gabashin jihar. A 2016 CDC ta ba da rahoton mutum 60 masu mummunan nau'in ciwon huhun 'yan haƙar kwal, dukkansu a asibiti guda a gundumar Pike, cikin ƙasa da shekara biyu. Ƙurar dutsen da ake yankawa don cimma siraran jijiyoyin kwal ita ake zargi. A alƙaluman jiha mai mutum miliyan huɗu da rabi, waɗannan sittin ba su ko motsa ma'auni ba.