Tunawa da Kawuna, Ɗan Jarida

Marigayi kawuna, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ba da rayuwarsu ga aikin jarida a ƙasar Hausa. Yana yaro Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Da ita ya goge a karatun boko, domin shi ke karanta wa dattawan unguwarsu labarin Yaƙin Duniya na Biyu.

A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fito da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. A Himma kawu ya fara aiki. Bisa keke yake zagaya kasuwannin ƙauye, yana rubuto farashin gyaɗa da auduga, da naɗin sarauta, da ci gaban ajujuwan manya. Da aka rufe NORLA a 1959, sai ya koma Gaskiya Ta Fi Kwabo, har ya yi ritaya. Bai taɓa yarda ya buga labari ba sai ya ji ta bakin kowane ɓangare.

Ya rasu ya bar adaka biyu cike da tsofaffin jaridu, amma kafin a farga gara ta cinye ɗaya. A irin waɗannan takardu tarihin garuruwanmu yake. Saboda haka ina roƙon malamai da dattawa, duk mai irinsu a gida ya kawo a adana, tun kafin su salwanta.