Hayaƙin Ingila, Tafkunan Suwidin: Taƙaitaccen Tarihin Ruwan Sama Mai Asid

Masu iya magana kan ce, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. To amma tarihin ruwan sama mai asid a Turai ya zo da akasin haka, domin wasu ne suka ɗebo, bakin wasu kuma ya ƙone.

Asalin matsalar kwal ne, wanda masana'antun Ingila suka dogara a kansa tun ƙarni na 18. A cikin kwal akwai farar wuta. Idan aka ƙona shi, sai ta bi hayaƙi ta hau sama, ta haɗu da danshin gajimare ta zama asid, sannan ta sauko tare da ruwa. Wanda ya fara nazarin abin sosai shi ne Robert Angus Smith, masanin sinadarai ɗan Sikotilan, wanda ya auna ruwan saman birnin Mancesta a 1852, ya kuma yi bayaninsa a littafinsa na 1872. Duk da haka, an ci gaba da ɗaukar hayaƙi a matsayin alamar arziki.

A watan Disamba na 1952, hazo mai haɗe da hayaƙi ya lulluɓe Landan na kwana biyar, ya halaka mutane aƙalla 4,000. Wannan ya sa aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Ɗaya daga cikin dabarun da aka bi bayan nan ita ce gina dogayen bututun hayaƙi a tashoshin wutar lantarki. Iskar birane ta yi sauƙi, amma gubar ba ta gushe ba. Iska ce kawai ta riƙa kwasarta tana tsallake teku da ita zuwa Norwe da Suwidin.

Ƙasar waɗannan wurare kuwa mai duwatsu ce, ba ta da farar ƙasar da za ta kashe kaifin asid. Sai kifi ya fara ƙarewa a dubban tafkuna da koguna, alhali ruwan yana nan garau a ido. A 1967 wani masani ɗan Suwidin, Svante Odén, ya bayyana a jarida cewa hayaƙin Birtaniya da tsakiyar Turai ne sanadi. Suwidin ta kai kukanta taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Stockholm a 1972, ta kuma shiga zuba farar ƙasa a tafkuna don ceton kifin da ya rage.

Sai a 1979 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba kan gurɓatar iska mai ƙetare iyaka. Jamus ta Yamma, wadda da farko ta yi sanyin jiki, ta sauya ra'ayi a farkon shekarun 1980 da ta ga dazuzzukanta na lalacewa. A 1985, a Helsinki, ƙasashe suka amince su rage hayaƙin farar wuta da kashi 30 cikin 100, amma Birtaniya ta ƙi sa hannu. Daga baya ta sakko, aka sanya na'urorin tace hayaƙi a wasu tashoshinta, har ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a 2024. Hayaƙin farar wuta a Turai ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 daga 1980, kifi kuma ya fara komowa, ko da yake wasu tafkunan ba su gama farfaɗowa ba.

A taƙaice, fiye da shekara 130 ne tsakanin awon Smith da yarjejeniyar Helsinki. Ilimin ya samu da wuri, amma gyara bai zo ba sai da ɓarnar ta taɓa masu hayaƙin kansu, maƙwabta kuma suka tilasta musu zama a teburi guda. Wannan abin lura ne gare mu a Nijeriya, inda mazauna yankin Neja Delta suka daɗe suna kukan cewa iskar gas da ake ƙonawa na cinye kwanon rufin gidajensu.