Gani Ya Kori Ji: Tarihin Farautar Wani Haske

Tarihin da na zo da shi bana na sararin samaniya ne.

Tun 1916 Albert Einstein ya ce idan manyan abubuwa masu nauyi suka motsa da ƙarfi, sararin samaniya kansa yakan girgiza. Sai a ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu da ke Amurka suka ji wannan girgiza, daga karon baƙaƙen ramuka biyu. Amma ba a ga haskensu ba. Masana sun zama kamar mai jin ganga cikin dare, bai ga makaɗi ba.

Ranar 17 ga Agusta 2017 aka sake jin wata girgizar. Wannan karon matattun taurari biyu ne na nutiron suka yi karo, kowanne faɗinsa kamar kilomita 20, nauyinsa kuwa ya fi na rana. Ba a cika daƙiƙa 2 ba, tauraron ɗan'adam na Fermi ya ga walƙiyar hasken gama. Da taimakon na'urar Virgo ta Italiya aka kintaci wurin, amma fili ne da zai ci cikakken wata fiye da 100.

Nan fa aka shiga tsere, domin irin wannan haske ba ya jira. Masana suka jera gungun taurarin da ke yankin, suka dinga leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar awa 11, madubin hangen nesa na Swope a ƙasar Chile, mai faɗin mita 1 kacal, ya hango sabon ɗigon haske a gungun NGC 4993. Hasken ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 130 kafin ya iso mu. Cibiyoyi kamar 70 suka sa masa ido, suka ga ya rikiɗe daga shuɗi zuwa ja cikin 'yan kwanaki, alamar cewa a irin wannan karo ake ƙera ma'adanai masu nauyi, dangin zinariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙaramin madubi ya riga manya. Sai dai da ba a ji ba, da bai san inda zai duba ba. Na bar ku lafiya, sai fitowa ta gaba.