Daga Silima Zuwa Asibiti: Tarihin Gidan Kallo na Palace a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin garuruwan ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga ganuwa da fada da masallaci da kasuwa, domin su ne ginshiƙan tsohon birni. Amma akwai gine-ginen da zamani ya kawo waɗanda su ma suke ɗauke da labarin jama'a, kuma gidan silima yana daga cikinsu. Wannan maƙala za ta bi diddigin gidan silima na Palace da ke unguwar Jakara a birnin Kano, tun daga kafuwarsa a farkon shekarun 1950 har zuwa mai da shi asibiti a 1983. Manufa ita ce a nuna cewa rigimar da ta dabaibaye wannan gida ta fi shafar wurin da aka gina shi da irin taron da yake haɗawa, fiye da hotunan da ake haskawa a bangonsa.

2.0 Majigi da Silima

Kafin a shiga batun Palace, ya kamata a bambanta hanyoyi biyu da hoto mai motsi ya bi ya shigo ƙasar Hausa. An fara nuna fim a Nijeriya a zauren Glover da ke Ikko a 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi. A Arewa kuwa, hanya ta farko ita ce majigi, watau motar gwamnati mai yawo da inji da farin ƙyalle. A 1939 aka kafa sashen fina-finai na mulkin mallaka a Ingila a ƙarƙashin William Sellers, wanda tsohon jami'in kiwon lafiya ne a Ikko. Aikin majigi wa'azin gwamnati ne: tsabta, rigakafi, noman gyaɗa da auduga, da biyan haraji. Kyauta ake kallonsa, a filin ƙofar fada ko na kasuwa, da izinin sarki ko hakimi, ga kuma mai fassara yana bayani da Hausa. Garuruwan hakimai irin su Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a wancan zamani ke ƙarƙashin En'e ta Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ta irin wannan hanya mutanen karkara suka fara sanin hoto mai motsi.

Hanya ta biyu ita ce silima ta kasuwanci, wadda ake shiga da kuɗi, a kalli labarin soyayya ko na faɗa. Ita wannan a babban gari ta zauna, kuma 'yan kasuwa Kwarori, watau mutanen Labanan, su ne suka riƙe ta. Majigi bai gamu da wata babbar adawa ba, domin a idon dattawa yake, kuma da sunan hukuma ya zo. Silima kuwa da dare ake yin ta, a cikin duhu, ba mai tsawata wa wani. Ɗaya daga cikin sunayen da aka laƙaba wa abin tun farko shi ne "dodon bango", sunan da ke nuna tsoro da zargin da aka tarbe shi da su.

3.0 Ganuwa a Matsayin Iyaka

Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, Turawa sun tsara garin kashi-kashi. Birni na cikin ganuwa aka bar wa Sarki da shari'ar Musulunci. Nasarawa ta zama mazaunin Turawa, Sabon Gari kuma ta zama ta baƙi 'yan Kudu, inda aka yarda da giya da gidajen rawa. Fagge tana tsakani, masaukin fatake da Larabawa. Saboda haka ganuwa ta tashi daga katangar yaƙi ta koma iyakar ɗabi'a: abin da aka haramta a ciki, ana iya samunsa a waje.

Gidan silima na Rex, wanda aka buɗe a 1937, a waje yake, ta wajen Sabon Gari. Ba shi da rufi, kuma tun farko an ware wasu darare domin Turawa da Larabawa, wasu kuma domin baƙar fata. Muddin silima tana can tare da mashaya, malaman birni suna iya ƙyamar ta daga nesa, su hana 'ya'yansu zuwa. Abin da ya canza lissafi shi ne shirin kawo ta cikin gida.

4.0 Gobarar El Duniya da Buɗe Palace

Ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951, gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, ta hallaka mutum 331 daga cikin 'yan kallo kimanin 600. Binciken gwamnati ya danganta wutar da faifan fim da ya kama a ɗakin inji. Faifan wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda yake ci kamar albarushi, kuma ruwa ba ya saurin kashe shi, domin shi da kansa yake samar da iskar da wuta ke buƙata. A daidai waɗannan shekaru ne kamfanonin duniya suke daina yin irin wannan faifai suna komawa ga wanda ba ya saurin kamawa. Amma a bakin jama'a da yawa bayanin ya bambanta da na hukuma: an ɗauki gobarar a matsayin fushin Ubangiji a kan masu zuwa wurin alfasha.

Cikin irin wannan yanayi aka buɗe Palace a Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ke danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Shi ne gidan silima na farko a cikin ganuwa, kuma da amincewar Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka gina shi. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya binciki takardun mulkin mallaka a kan lamarin a littafinsa Signal and Noise (2008), ya nuna cewa malamai da jama'ar birni sun yi adawa da ginin, har sai da aka sa 'yan doka suka kama matasa masu zanga-zanga. Bayan an buɗe ma, an ci gaba da jifan 'yan kallo da duwatsu, abin da ya zo da sauƙi tun da gidan ba shi da rufi.

Abin lura a nan shi ne, fina-finan da Palace ya nuna ba su bambanta da na gidajen da ke bayan ganuwa ba. Bambancin yana ga wuri. Kawo silima Jakara tamkar ɗauko wani yanki na Sabon Gari ne a dasa shi a tsakiyar unguwannin malamai da attajirai. Daɗin daɗawa, silima ta rushe tsarin zama da aka gada, wanda ya raba dattijo da yaro, bawan Sarki da talaka, namiji da mace. A can kuɗin tikiti kaɗai ke raba mazauni. Matar aure mai mutunci ba ta zuwa, don haka duk macen da aka gani a ciki, an riga an yanke mata hukunci.

5.0 Zamanin Fina-finan Indiya

Duk da wannan adawa, gidan ya rayu shekara talatin da 'yan kai. Daga shekarun 1950 Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya, waɗanda suka sami karɓuwar da ta zarce ta fina-finan Amurka. Dalilan a fili suke. Auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, rikicin talaka da mai kuɗi, da suturar da ta rufe jiki, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani a gidansu, ko da bai ji harshen ba. Fim irin Mother India (1957) an yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. Gidaje irin su Plaza da Orion da Wapa da Eldorado da Marhaba sun raba 'yan kallo da Palace. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa harkar nuna fim cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan Nijeriya, amma ba ta canza abin da ake kallo ba. Fim ɗin Hausa irin Shehu Umar (1976), wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsiraru ne irinsa.

6.0 Daga Gidan Kallo Zuwa Gidan Magani

A Jamhuriya ta Biyu, sunan Palace ya ƙara ɓaci, ana ambaton kewayensa da shaye-shaye da lalata. A zaɓen 1983 Alhaji Sabo Bakin Zuwo na jam'iyyar PRP ya kayar da Alhaji Abubakar Rimi, ya hau kujerar gwamnan Kano ranar 1 ga Oktoba. Mulkinsa wata uku kacal ya yi, domin soja sun yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba. A cikin wannan ɗan taƙin ne ya rufe Palace ya mai da shi asibiti, matakin da jama'ar birni suka yi maraba da shi. Asibitin haihuwa na Jakara sunansa yake ɗauke da shi. Wurin da a da matan aure ke gudu, ya zama wurin da suke zuwa awo da haihuwa.

Sai dai rufe gida bai kori fim ba. A daidai lokacin talabijin da akwatin bidiyo suna shiga gidaje, faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ta sa shigo da faifan silima ya yi tsada. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fina-finan Hausa na bidiyo, kuma waƙa da rawa irin ta Indiya ba su daɗe ba suka zama gishirin wannan sana'a. Abin da aka hana shi tsallake ganuwa ya shiga har ɗakin matan kulle, a birni da ƙauye. Tsohuwar muhawarar ta dawo da sabon kaya, har ta kai ga kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a 2000.

7.0 Kammalawa

Tarihin Palace ya nuna yadda gini ɗaya ya auna dangantakar fada da malamai da talakawa da baƙin 'yan kasuwa cikin shekara talatin. Sauran gidajen ma sun bar sawu a harshe: Wapa, sunan da ya samo asali daga kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, a yau kasuwar 'yan canji ake nufi da shi a Fagge, kuma da yawa daga masu ambatonsa ba su san an taɓa yin silima mai wannan suna ba. Waɗanda suka sayar da tikiti, da masu juya inji, da 'yan kallon da aka jefa da dutse, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma tsufa ya cim musu. Aikin da ke gaban ɗaliban tarihi da al'ada shi ne su naɗi bayanan waɗannan dattawa, a Kano da garuruwan da majigi ya ratsa, kafin su ma su shuɗe.