Wuƙar Maƙera: Daga Tamar Dala Zuwa Sifirin Gingimari

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, gardamar nan sai ta tashi a bakin kasuwa da majalisun unguwa: wace wuƙa za a tara da ita, ta maƙera ko 'yar kanti mai sheƙi? Masu 'yar kanti suna cewa ba ta tsatsa, ba ta baƙanta nama, ga araha. Mahauta kuwa ba su cika tanka wannan magana ba, sai dai su zaro tasu daga kube, baƙa ƙirin, mai kaurin baya, su ɗora ta a kan haƙarƙarin sa. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ba tare da musu ba shi ne wai wuƙar maƙera gadon kaka da kakanni ce, haka take tun fil azal. A nan ne ni nake ganin duk sun kauce. Sana'ar tsohuwa ce, wannan gaskiya ne, amma wuƙar da ke hannun mahaucin yau shekarunta ba su wuce na jirgin ƙasa da mota ba.

Zancen dā can ba mai tsawo ba ne, domin ƙasa ce kawai ta adana shi. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyan narka tama a shekarun 1960, an kuma kimanta sun girmi haihuwar Annabi Isa da wasu ƙarnuka. A tsaunin Termit na Nijar an samu alamun da wasu masana ke cewa sun fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, wasu kuma suna ja. A gindin Dala an samu shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7, ga kuma labarin Abagayawa da ke cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya yana neman tama har ya yada zango a wurin. Kano ke nan, birnin da maƙeri ya kafa, in ji masu wannan ruwaya.

Sai dai ƙarfen da ake samu daga tama ba irin wanda muka sani ba ne. Dunƙule ne yake fitowa daga wuta, cakuɗe da kashin maƙera, wani gefen tauri wani gefen laushi, sai an yi ta dukansa ana ninkawa kafin ya haɗu. Ya ishi fartanya da gatari da mashi. Dogon kaifi mai jure sara kuwa, wannan wani abu ne daban. Shaidata a nan Heinrich Barth ne, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851 ya yi ta lissafin hajar Kasuwar Kurmi kamar mai karɓar haraji. Ya kiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ake shigowa da su Kano a shekara ta hanyar Sahara, akasarinsu daga Solingen ta Jamus, a yi musu mariƙi da kube a nan sannan a sayar wa Buzaye da sauransu. Har ya ce ƙarfen Kano bai kai na ƙasar Mandara kyau ba. Ko da an zabge rabin lissafinsa, maganar tana nan: birni cike da maƙera, amma mai son kaifi na gaske yana jiran ayarin raƙuma.

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya kankama a shekarar da ta biyo baya. Daga nan narka tama ta fara ja da baya, har ta ɓace, ko da yake a wasu ƙauyuka ta kai tsakiyar ƙarnin. Bayanin da aka fi ji shi ne wai Turawa ne suka kashe ta da dokar gandun daji ta 1916, wadda ta takura sare itatuwan da ake gawayi da su, irin su ƙirya. Dokar ta taɓa sana'ar, ban musa ba. Amma idan doka ce ta yi kisan, me ya hana ta kashe ƙira baki ɗaya, alhali maƙeri ma da gawayin ƙirya yake aiki har gobe? Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. Mutumin da zai kwana haƙar tama, ya tara gawayi, ya yini a bakin wuta don ya sami dunƙule guda, ya waiwaya ya ga guntayen ƙarfen reluwe da sandunan kanti suna yawo a kasuwa, tatattu, ba kashi a ciki. Ba sai an kafa masa doka ba. Manoman gyaɗa kuma suna layi suna neman garma da fartanya. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano ya kuma fitar da littafi a kansu a 1994, ya nuna mutane ne masu saurin karɓar sabon abu, ba masu zaman makokin tama ba.

Wuƙa dai ba ta sami abin da take jira ba sai da manyan motoci suka cika hanya suka kuma fara mutuwa. Sifirin ɗin Bedford, na Marsandi 911, daga baya na akori-kurar Peugeot 404: wannan shi ne ainihin uban wuƙar maƙera ta yau. An ƙera shi ne don ya ɗauki lodi ya lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, kuma kabon da ke cikinsa, wajen kashi 0.6 cikin 100, daidai yake da abin da ake so don ƙarfe ya yi tauri idan aka gasa shi aka tsoma a ruwa. Rodin gini ba ya haka, shi ya sa wuƙar rodi ko an wasa ta sau goma a rana sai ta dakushe. Maƙeranmu ba su karanta lissafin kabon ba, masaɓa ce ta gaya musu.

Wanda bai taɓa ba da aikin wuƙa ba ya kamata ya je ya gani ko sau ɗaya. Maƙerin kirki ba ya tambayarka inci nawa, sai ya tambaye ka me za ka yi da ita: fiɗa, daka ƙashi, ko yankan tsire. Ya duba tafin hannunka. Yaro na kan zuga-zugi, shi kuma ya datse guntun sifirin, ya riƙe da awartaki, ya miƙar da shi a kan uwar maƙera, yana janye ƙarfen daga baya zuwa baki yadda bayan zai tsaya da kauri don nauyi, bakin ya sirance. Wurin da gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne tsomawa. Ya zuba wa launin ƙarfen ido, da ya kai jan da yake so ya nutsa shi a ruwa ko baƙin mai, sannan ya sake ɗan nuna masa wuta don ya rage masa gautsi. In ya yi gaggawa, wuƙar ta ɓalle a kan ƙashin farko. In ya yi sanyin hannu, bakinta ya naɗe. Mutane na danganta wannan da asirin maƙera, su ma maƙeran ba sa ƙaryata su tunda abin yana ƙara musu kwarjini, amma abin da ni na gani ido ne da daɗewa a bakin wuta.

'Yar kanti tata hanyar daban. A 1913 Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila cewa idan aka zuba wa ƙarfe kuromiyam wajen kashi 13 cikin 100, tsatsa ba ta kama shi. Babban ci gaba ne, kuma akwai wuƙaƙen silba masu tsada da ba abin da za a nuna musu. Matsalar ita ce ba su ne ke zuwa kasuwanninmu ba. Abin da ke zuwa falle ne da inji ya yanko daga faranti, marar nauyi, mai mariƙin roba da ke tsinkewa, ba kuma wanda zai gyara shi.

Wasu na cewa talauci ne kawai ya raya wuƙar maƙera, suna kafa hujja da 1986, lokacin da shirin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, kayan waje suka gagari talaka. Lallai maƙera sun sami kasuwa a lokacin. Amma yau 'yar China ta fi wuƙar da aka ba da aikinta araha, mahauci kuma bai koma ba. Dalilinsa a fili yake: ƙarfen sifirin yana karɓar washi da wuri, ya goga ta a dutse sau uku ta dawo, kuma addini ma ya hori mai yanka ya kaifafa wuƙarsa don kada ya wahalar da dabba. In bakinta ya cinye, ya mayar wa wanda ya ƙera ta ya sake fitar da shi. Masu ƙorafin tsatsa suna da gaskiyarsu, musamman a ɗakin girki inda tumatir da lemun tsami ke cin ƙarfe. Ana wanke ta nan take, a tsane ta, a shafa mata man gyaɗa. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya tsaya a kan silba.

Abin da ke barazana ga wuƙar yanzu ƙarfen ne kansa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka kafa tun 1979 har yau ba ta ba maƙeri ko da guntun da zai yi aska ba, don haka dogaronsa yana kan matattun motoci. Su kuma 'yan jari-bola sun riga shi isa gare su, suna aunawa a sikeli suna lodawa zuwa kamfanonin da ke narkewa su yi rodi. Ƙananan motocin zamani kuma galibinsu naɗaɗɗen sifirin ke gare su, ba mai falle-falle ba. Maƙerin da a dā ake ba shi karyayyen sifirin kyauta a gareji, yau sai ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya yi ciniki a kan kilo, kuma wannan kuɗin a kan mai wuƙa yake ƙarewa.